Sisil, Tsibirin Da Ya San Sunan Kawar Tun 1154

 

In kun lura, duk ranar da sunan tsibirin Sisil ya fito a labarun rana, maganar kusan ɗaya ce: kwale-kwale ya kife, an ceto mutum kaza, an tsamo gawa kaza. Har wani dattijo ya taɓa kiran mu cikin shiri ya ce, "Wai ku ƴan rediyo, wannan Sisil ɗin gari ne ko kuwa sansanin ƴan gudun hijira?" Mun yi dariya a lokacin, amma da muka koma gida muka ga laifin namu ne, tunda abin da muke ba shi ke nan kullum. Alhali tsibirin nan miliyoyin ƴan yawon buɗe ido ke zuwa ganinsa kowace shekara, kuma babban abin da suke biyan kuɗi su kalla a babban birninsa aikin hannu ne da ke ɗauke da rubutun Larabci. To yau can za mu zaga da ku, mu ga abin da ake nuna wa baƙi, mu kuma ji abin da ya sami mutanen da suka yi aikin.

INA NE SISIL?

Sisil, kamar yadda mushe ya koya mana a lakol, Larabawa kuma su ce Siƙilliya, shi ne tsibiri mafi girma a tekun Bahar Rum. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,700, wato bai kai jihar Maraɗi ba, mutanensa kuma sun ɗan gaza miliyan 5. Yau yanki ne na ƙasar Italiya, ruwan da ya raba su a wajen birnin Mesina kilomita 3 ne kacal. Daga gaɓar Tunisiya kuwa kusan kilomita 150 ne, bai kai nisan Maraɗi zuwa Damagaram ba. Duk wanda ke son riƙe hanyar ruwa tsakanin gabas da yamma, ko tsakanin Afirka da Turai, dole ya sa ido a kan wannan wuri. Shi ya sa ba a taɓa barin sa ya huta ba.

Finiƙawa, fataken teku daga yankin Labanon na yau, su suka kafa Palermo, babban birnin. Girkawa suka kafa Sirakus a gabas wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wanda ya je Agrijento a kudu zai ga ɗakunan bautarsu jere a kan tudu, sun haura shekara 2,400. Wanda ya fi tsayawa daram a cikinsu, abin da ya cece shi shi ne an mayar da shi majami'a a ƙarni na 6, aka ci gaba da kula da shi. Ku da kuka yi kolej kun tuna Arshimed da lissafin abin da ke yawo a kan ruwa? Ɗan Sirakus ne, a can sojan Rum ya kashe shi a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Rumawa suka mayar da tsibirin rumbun alkamarsu, daga baya a 535 ya koma hannun Rumawan gabas, masu mulki daga birnin da ake kira Istanbul a yau.

ALƘALIN DA YA JA RUNDUNA

A shekara ta 827 wani kwamandan jiragen ruwan Rumawa mai suna Yufimiyus ya ɓata da sarkinsa, ya tsallaka Tunisiya neman taimako wajen sarkin Aglabawa, Ziyadatullah na ɗaya. Wanda aka ɗora a kan rundunar zai ba ku mamaki: Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, malami ɗan kusan shekara 70. Ya yi karatu a Madina a gaban Imamu Malik da kansa, kuma littafinsa, Asadiyya, shi ne tushen da Sahnun ya gina Mudawwana a kai, littafin da malamanmu na zaure suka sani sarai. Ka ga ke nan mazhabar da muke bi a nan da rundunar da ta shiga Sisil daga gari ɗaya suka sha ruwa.

Sun tashi daga Susa da mayaƙa wajen 10,000, suka sauka a Mazara cikin watan Yuni. Asad bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a 828 suna kewaye da Sirakus, lokacin da annoba ta faɗa wa sansanin. Palermo ta faɗi a 831, Sirakus sai 878 bayan yunwa da kisa mai yawa, Taormina a 902, tungar ƙarshe kuma, Rometta, sai 965. Yaƙin shekara 138 ke nan, an ƙona garuruwa, an kama bayi. Mu faɗe shi yadda yake, don in mun zo inda aka zalunci Musulmi kada a ce mun ɓoye rabin labari.

BALARM MAI MASALLATAI 300

Musulmi suka mayar da hedikwata Palermo, suna ce mata Balarm. Wani matafiyi, Ibn Hauƙal, ya ziyarce ta a 973, ya ce masallatanta sun haura 300. Kada ku ɗauka yabo ne zalla. Cewa ya yi ya tsaya wuri guda ya ƙirga masallatai wajen goma a nisan harbin kibiya, domin kowane mai hali so yake a ce ga nasa, har uba da ɗa kowa da masallacinsa. Ya kuma yi gorin cewa malaman makarantar allo sun yi yawa a garin saboda an ɗauke musu fita yaƙi. In wannan ya tuna muku wata unguwa, ba mu muka faɗa ba.

Wani da ake dangantawa da tsibirin kuma kun san aikinsa ko da ba ku san sunansa ba: Jauhar as-Siƙilli, bawan da ya zama babban kwamandan Fatimawa. Shi ya kafa birnin Alƙahira a 969, ya aza harsashin masallacin Azhar a 970, inda yaranmu ke zuwa karatu har gobe.

Babban abin da suka canza shi ne noma. Sun haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, masu jawo ruwa daga gindin duwatsu zuwa garake ba tare da rana ta shanye shi ba. Irin waɗannan ramukan suna nan ƙarƙashin Palermo, ana saukar da baƙi ciki da fitila a goshi. A zamanin ne lemun tsami, rake da auduga suka yaɗu a tsibirin, kwarin da ke kewaye da birnin ya cika da lambuna.

Harshen ya tafi, sunaye sun zauna. Babban titin tsohon gari ana ce masa Kassaro, daga ƙasr, wato fada. Unguwar Kalsa daga al-Khalisa ce, ganuwar da Fatimawa suka gina a 937. Sunan Marsala ya fara da marsa, matsayar jiragen ruwa. Garuruwan da sunansu ya fara da Kalta, kamar Kaltaniseta da Kaltajirone, daga ƙal'a ne, wato tunga. Dutsen Etna mai aman wuta, wanda tsawonsa ya haura mita 3,300, mutanen wurin na ce masa Monjibello, an haɗa kalmar dutse ta Latin da jabal ta Larabci. A Tirapani kuwa abincin alfaharinsu kuskus ne, ɗan uwan burabusko, sai dai su da romon kifi suke ci, har biki ake yi masa duk watan Satumba a wani garin bakin teku.

GINSHIƘIN DA KE ƘOFAR MAJAMI'A

Yanzu mu shiga gari. Duk mai ziyara yana farawa ne da babbar majami'ar Palermo. A rumfar shiga, ginshiƙin da ke hannun hagu yana ɗauke da rubutu a sassaƙe kamar shafin littafi. Aya ce ta 54 a Suratul A'araf, wadda ke maganar halittar sammai da ƙasa. Wurin da majami'a ne, Musulmi suka mayar da shi babban masallacin Juma'a, aka sake mayar da shi majami'a a 1072, sannan aka rushe aka gina wadda ake gani yanzu daga 1185. Ginshiƙin na cikin ɗan abin da ya tsira.

A nan ne mutum ya kamata ya tsaya ya yi tambaya: ina masallatai 300 ɗin? Babu ko ɗaya da ke tsaye. A duk tsibirin abin da aka samu sai gindin bangon wani ƙaramin masallaci da masu tonon tarihi suka gano a Sejesta. Gine-ginen nan masu tulluwa da rubutun Larabci da ake sa wa a hotunan talla, sarakunan Kirista ne suka sa aka gina su, bayan mulkin Musulmi ya faɗi.

Yadda ya faɗi kuwa tsohon labari ne. Gidan Kalbawa, da ke mulki tun 948, ya raunana, tsibirin ya rabu hannun ƙananan sarakuna suna faɗa da juna. Ɗayansu, Ibn as-Sumna, ya je ya gayyato Normawa, mayaƙan haya ƴan asalin arewacin Faransa da suka kafu a kudancin Italiya. Yadda Yufimiyus ya buɗe wa Musulmi ƙofa, haka shi ma ya buɗe wa waɗannan. Suka ci Mesina a 1061, Palermo a 1072, gari na ƙarshe, Noto, a 1091. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

SARKIN KIRISTA MAI ALKYABBAR LARABCI

Normawa ƴan kaɗan ne, talakawansu kuma akasari Musulmi ne da Kiristoci masu jin Girkanci, ga Yahudawa. Sai suka riƙe abin da suka tarar. Roje na biyu, wanda aka naɗa sarki ranar Kirsimeti ta 1130, ofishin filaye da harajinsa ana ce masa diwan, ana rubutu da Larabci, Girkanci da Latin. Kuɗin zinariyarsa na da rubutun Larabci. Babban wazirinsa, Jorj ɗan Antakiya, muƙaminsa sarkin sarakunan yaƙi ne, amirul umara, kuma daga irin wannan amir ɗin na Sisil ne kalmar amiral da muka koya a Faransanci ta samo asali. Majami'ar da Jorj ya gina, Martorana, tana nan tsakiyar gari tun wajen 1143.

Abin da ya fi jan jama'a shi ne ƙaramar majami'ar da ke cikin fadar sarki, Kapella Palatina, wadda aka keɓe a 1140. Bangonta aikin Girkawa ne, ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da aka jera ɗaya bayan ɗaya har suka ba da hotuna. In ka ɗaga kai kuma, rufin katako ne da aka sassaƙa rami-rami kamar saƙar zuma, irin na fadojin Musulmi, da rubutun Kufi da zanen makaɗa, mafarauta da masu wasan dara irin ta Larabawa. Masana da dama na ganin masassaƙan daga Masar aka kawo su. A wajen ƙofa akwai dutsen da ke ba da labarin agogon da sarki ya sa aka ƙera a 1142, an rubuta shi da harsuna uku.

Alkyabbar Roje kuwa tana Viyena ta ƙasar Otirish. Jan alharini ce da zaren zinariya da lu'ulu'u, bakinta an zagaye shi da rubutun Larabci mai cewa an yi ta a masaƙar fada a shekara ta 528 bayan Hijira. To amma ku dubi zanen da ke jikinta: bishiyar dabino a tsakiya, hagu da dama zaki ya danne raƙumi. Hannun da ya yi ɗinkin ya san wane ne zakin, ya kuma san wane ne raƙumin.

Akwai fadar Ziza, daga al-Aziza, da aka fara a 1165 don hutun lokacin zafi. Ruwa na fitowa daga bango ya bi wata ƴar kwata ta tsakiyar zaure ya zuba a tafkin da ke gaba, iskar da ta ratso kan ruwan ta shiga, mai zafin kuma ta fice ta ramukan da aka bari cikin bango. Sanyi ba lantarki, ba a jiran a kawo wuta. A cikinta aka ajiye dutsen kabarin wata mata mai suna Anna, na 1149, rubuce da Latin, Girkanci, Larabci, da kuma Larabci cikin baƙaƙen Yahudanci. Sai majami'ar Monreale a kan tudu, wadda aka fara a 1174, mai ado na gilashin zinariya da ya haura murabba'in mita 6,000. A 2015 UNESCO ta sa tara daga cikin waɗannan gine-gine a jerin kayan tarihin duniya. Jajayen tulluwan da ake ɗauka a hoto kuwa, masu gyara na ƙarshen ƙarni na 19 ne suka shafa musu jan.

INDA KAWAR TA SHIGO

A fadar nan ce aka yi aikin da ya shafe mu kai tsaye. Roje ya gayyato wani malami haifaffen Sabta a gaɓar Maroko, Sharif al-Idrisi, ya ce a tattara masa bayanin duniya. Shekara 15 ana yi. Duk fatake da matuƙan jirgin da suka sauka Palermo sai a zaunar da su a yi musu tambayoyi, abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai a rubuta, inda suka saɓa a ajiye. A 1154, shekarar da sarkin ya rasu, aka gama littafin Nuzhatul Mushtaƙ da taswira 70. An kuma zana duniya a kan babban faifan azurfa, wanda ya ɓace. A taswirar Idrisi kudu ce a sama, wato Afirka na bisa, Turai na ƙasa.

A cikin littafin akwai Takrur, akwai tsohuwar daular Gana, akwai Kaukau wato Gawo, akwai garuruwan Kanem. Kuma akwai Kawar, yankin nan namu na su Bilma. Idrisi ya yi bayanin garuruwanta da alif ɗin da ake haƙowa a can, wanda marina da majema ke buƙata, fatake na kai shi har Masar da Magrib. Bai taɓa taka wurin ba, kuma ya yi kurakurai, misali ya ɗauka kogin da ke ratsa ƙasashen baƙar fata da kogin Nilu na Masar tushensu ɗaya. Duk da haka ku yi lissafi: shekara 338 kafin Kolombo ya isa Amurka, ana zaune a fadar wani sarkin Turai ana rubuta abin da ake saye da sayarwa a hamadarmu. Hanyar da motoci ke bi yau daga Agadas zuwa Dirku zuwa Libiya, tun lokacin ayari ke bin yankin.

ABIN DA IBN JUBAIR YA GANI

Ana yawan kawo Sisil ta Normawa a matsayin misalin zaman lafiya tsakanin addinai. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai wani shaida da ya kamata mu saurara. Ibn Jubair, marubuci ɗan Andalus, yana dawowa daga Hajji jirginsu ya fashe a bakin Mesina a ƙarshen 1184. Sarki Giyom na biyu da kansa ya fito, ya biya wa talakawan alhazai kuɗin kwale-kwalen da suka fito da su. Ibn Jubair ya ce sarkin yana karatu da rubutu da Larabci, mai dafa masa abinci Musulmi ne, matan Kiristoci a Palermo suna lulluɓi da ƙunshi kamar Musulmi. An ba shi labarin wata girgizar ƙasa da aka yi, sarki ya ji bayinsa cikin firgici suna kiran Allah da Manzonsa, ya ce kowa ya kira abin da yake bauta wa.

To amma shi wannan Ibn Jubair ya gana da manyan ma'aikatan fada da ke salla a ɓoye, suna azumi a ɓoye, a fili kuma an san su da sunan Kirista. Ya tarar an hana huɗubar Juma'a. A Tirapani wani mutum ya zo wajen ɗaya daga cikin alhazan ya roƙe shi ya auri ƴarsa budurwa ya tafi da ita, ko ya aurar da ita a can, don dai ta fita daga tsibirin da addininta. Yarinyar ta yarda ta rabu da uwa da uba. Wanda ke zaune lafiya ba ya yin wannan kyauta.

Tsoronsu bai tashi a banza ba. Tun 1161 an yi tarzoma a Palermo aka kashe Musulmi da yawa. Kariyarsu duk tana rataye ne a wuyan sarki shi kaɗai, ba wata doka da ta fi ƙarfinsa, ba maƙwabcin da zai tsaya musu. Da Giyom ya rasu a 1189 ba magaji, aka sake far musu, suka gudu duwatsu suka yi tawaye. Sarki Firederik na biyu, wanda shi ma yana jin Larabci yana kuma musayar wasiƙu da malaman Musulmi, shi ne ya murƙushe su. Daga shekarun 1220 zuwa 1240 da ƴan kai ya kwashe dubban da suka rage zuwa Lucera a can cikin Italiya. A 1300 Sarki Sharl na biyu ya rushe wannan zangon, aka sayar da mutanensa bayi. Yahudawa kuma aka kore su da dokar 1492, lokacin tsibirin na hannun Sipaniya. Aka riƙe rufin katako da lambunan lemo, aka kori jikokin masu aikin.

WALIYYIN PALERMO BAƘI NE

Akwai wasu mutanen da ba a cika faɗa wa baƙi labarinsu ba. A ƙarni na 15 da na 16 an yi ta sayar da bayi baƙaƙe a Sisil, ana kawo su ta gaɓar Libiya bayan sun ratso hamada, kuma a takardun Palermo na lokacin ana samun waɗanda aka rubuta asalinsu Borno. Wannan ma ta hanyar Kawar ɗin ce. Hanyar da ta kai alif ita ta kai mutane.

A 1526 aka haifi wani yaro a ƙauyen San Firatello, iyayensa bayi ne ƴan Afirka. Sunansa Benedetto. Bai iya karatu ba, ya shiga gidan masu ibada na Kirista a gefen Palermo yana aikin dafa abinci, amma saboda halinsa ƴan uwansa suka zaɓe shi shugabansu, da wa'adinsa ya cika ya koma madafa. Ya rasu a 1589, birnin ya ɗauke shi cikin waliyyan da suke ganin suna tsaron garin, Paparoma kuma ya tabbatar da shi a 1807. Yau akwai ƙaton zanensa a bangon wani gini a unguwar kasuwar Ballaro, kasuwar da ke ci tun zamanin Musulmi, inda yanzu ƴan Gana, Najeriya, Gambiya da Bangaladash ke kasa kaya gefe da gefe da ƴan gari.

SISIL TA YAU

A Mazara, inda Asad ya sauka, masunta ƴan Tunisiya sun fara zama tun ƙarshen shekarun 1960, tsohuwar unguwar ma Kasba ake ce mata. A Palermo, a 1990, an ba Musulmi wata tsohuwar majami'a suka mayar da ita masallaci. Can kudu kuma akwai ɗan tsibirin Lampedusa, wanda ke ƙarƙashin Sisil amma ya fi kusa da Tunisiya. A bakin ruwansa an gina wata ƙofa tsaye ita kaɗai a 2008, ana ce mata Ƙofar Turai, don tunawa da waɗanda teku ya ci. Ranar 3 ga Oktoba 2013 mutum fiye da 360 suka mutu a gaban tsibirin, akasarinsu ƴan Eritiriya. Namu ƴan ƙasar sun fi tsayawa Libiya da Aljeriya, amma dubban da suka kai bakin ruwan nan ta tashoshin Agadas suka wuce, mun sayar musu da ruwa da bidon, mun ga fuskokinsu.

Jama'a, abin da muka ɗauko daga wannan zagaye shi ne: gini mai kyau ba ya ba da shaidar cewa an yi wa maginin adalci. Zaman tare da ke hannun mutum ɗaya, ranar da ya kwanta dama shi ma ya bi shi. Mu da muke da maƙwabta Kiristoci a Maraɗi da Damagaram, da baƙi ƴan ƙasashe daban-daban a kasuwanninmu, mu ne masu rinjaye a nan, kamar yadda wasu suka kasance masu rinjaye a can. Abin da muke jin zafinsa in mun karanta labarin mutumin Tirapani da ƴarsa, kada wani ya ji shi a hannunmu.

Sannan shi dattijon da ya kira mu, Baba, ga amsarka. Sisil gari ne, tsohon gari ma, wanda ya rubuta sunan Kawar tun 1154. A shekarar da aka yi haɗarin Lampedusa, 2013, a cikinta UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas a jerin da Palermo ta shiga bayan shekara biyu. Su suna gyara nasu suna cin abinci da shi. Namu na Birnin Damagaram da na Agadas, duk damina sai wani bango ya zube. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hamada da teku, ya mayar da matafiya gida lafiya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.